Bakolori a Ajin Labarin Ƙasa

A jami'o'inmu ana koyar da kwas ɗin yankunan Najeriya da mutanen da ke zaune cikinsu, amma sau da yawa abin yakan ƙare a hadda: nan ake noman gyaɗa, can ake koko. Ɗalibi ya ci jarrabawa, bai san abin da ya haɗa mutum da ƙasarsa ba. A ganina, malamin da ke Gusau ko Sakkwato ya kamata ya fara da madatsar ruwa ta Bakolori kafin ya buɗe taswirar ƙasa.

An kammala madatsar a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta don noman rani a Talata Mafara, Bakura da Maradun. Tafkin ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane. Rikicin diyya ya yi tsanani har manoma suka tare hanyoyin aikin, kuma a Afrilun 1980, zamanin gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe musu wuta aka kashe mutane da dama. Su kuwa na gangaren gulbi, ba wanda ya tashe su, amma binciken wani masani, W. M. Adams, ya nuna cikowar da ke shayar da fadamunsu ta ragu, masu shinkafa suka koma gero da dawa, masunta suka rasa kifi. Ɗalibin da ya bi wannan zance ya koyi gadon gona, ƙaura da ikon hukuma a kan ruwa, duk a wuri guda.

Wani zai ce Bakolori ba ita ce Najeriya ba. Haka ne, amma tambayar da take koyarwa, wato wa ya samu ruwa, wa ya rasa, ita za a kai madatsar Tiga da fadamun Haɗeja da Nguru, har madatsar Kainji da Neja Delta. Wani kuma zai ce rashin tsaro ya hana fita da ɗalibai. Wannan gaskiya ce mai ciwo, kuma ba wanda zai so a jefa yara cikin haɗari. Sai dai a ajin akwai 'ya'yan Mafara da Maradun waɗanda kakanninsu suka ga tashin garuruwan da idonsu. Malamai, ku sa su tambayi dattawan nan su rubuta tun suna raye.