Mota Ta Rasa Silo: Maganganun Gareji da Abin da Ke Cikin Inji

Silo shi ne juyin da inji yake yi shi kaɗai sa'ad da mota take tsaye, direba bai taka totur ba. A injin fetur mai lafiya, idan ya ɗauki zafi, allurar da ke nuna juyi takan zauna tsakanin 650 da 900 a minti ɗaya. Da sanyin safiya takan fara daga wajen 1,200, sannan ta sauko a hankali. Idan ta faɗi ƙasa da 500, sai mota ta shiga kakkarwa, sitiyari yana rawa, daga nan ta mutu. Wannan ne direbobi suke cewa mota ba ta riƙe silo.

A Maiyama ta jihar Kebbi matsalar ta zama ruwan dare, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Aliero da Jega ta ratsa garin zuwa Koko da Yawuri, kuma akasarin ƙananan motocin da ke jigila a kanta 'yan Kwatano ne: Golf, Sharan, Vectra, Carina da Corolla, sai Fijo 406 jefi-jefi. Golf 3 da aka fi yi wa lodin albasar Aliero an fara ƙera ta a 1991, wato ko autarta ta haura shekara ashirin da biyar. Tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, ga faɗuwar darajar naira, mai tsohuwar mota sai dai ya ci gaba da lallaba ta. Irin wannan mota takan yi gudu lafiya a kan kwalta, amma da an rage gudu a shingen jami'an tsaro ko a bakin kasuwa, sai ta ɗauke.

Inji yana rayuwa ne da abu uku: iska, mai da wuta. Fetur yana ƙonewa daidai idan kowane awo ɗaya na nauyinsa ya haɗu da awo 14.7 na iska. A lokacin silo ƙofar iska kusan a rufe take, abin da ke shiga ɗan kaɗan ne, don haka ƙaramar tangarɗar da ba za a ji ta ba a kan gudu ta isa ta kashe injin a tsaye. Duk maganganun da ake yi a gareji da tasha da wannan ma'auni ya kamata a gwada su.

Maganar da ta fi yawo ita ce a ƙara mata silo kawai. Asalinta gaskiya ne. Motoci masu kafireta, irin su Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna da yawancin Golf 2, suna da sukurun da ake murɗawa a ɗaga silo ko a sauke shi, da wani na daidaita mai da iska, kuma bakanike mai kunne yakan saita su da sauraro. Sai dai tun farkon shekarun 1990 dokokin rage hayaƙi a Turai suka kori kafireta, injekta ta maye gurbinta. A motar injekta kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira burenbos, ita ce ke riƙe silo, ta hanyar wani ƙaramin bawul da ke barin iska ta zagaye ƙofar totur, ko kuma ɗan injin lantarki da ke motsa ƙofar kanta. Sukurun da ke jikin bakin injekta na tsayar da ƙofar ne, masana'anta ta saita shi. Wanda ya murɗa shi, ko ya ɗaure wayar totur ta yi tauri, ya ɗaga allura kawai. Ciwon yana nan, shan mai ya ƙaru, kuma motar otomatik takan riƙa fizga idan an sa giya.

Abin da ya fi jawo ƙarancin silo a motar injekta datti ne. Tururin baƙin mai da ke dawowa daga cikin inji yana haɗuwa da ƙura ya zama baƙin danƙo a gefen ƙofar totur da cikin bawul ɗin silo, ya toshe 'yar hanyar da iska ke bi. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da hanyoyin ƙauyuka irin na Andarai da Mungadi suna gaggauta wannan. Al'adar kai matatar iska wurin mai faci ya busa ta da iska mai ƙarfi ma tana ƙara matsalar, domin takardar takan yage ta inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce kai-tsaye. Wanke bakin injekta aikin da bai kai awa ɗaya ba ne. Wasu motocin, musamman waɗanda totur ɗinsu ba shi da waya, bayan wankin sai an sake koya wa kwamfuta matsayin ƙofar da na'ura, in ba haka ba silon ya yi ta hawa da sauka, mai mota ya ɗauka an lalata masa ita.

Kishiyar toshewa ita ce ɓarauniyar iska. Tiyon roba da ya sha zafin rani shekara da shekaru yakan tsage, iska ta shiga ta bayan na'urar da ke auna ta, kwamfuta ta ba da mai daidai da abin da aka gaya mata, mai ya yi ƙaranci. Sau da yawa ana jin ƙarar zuƙa idan an buɗe bonet an kasa kunne. Idan kuma mota tana mutuwa ne daidai lokacin da aka taka birki, abin zargi na farko shi ne gangar da ke ƙara wa birki ƙarfi da tiyonta, domin daga zuƙar inji take samun ƙarfin.

Batun gurɓataccen mai gaskiya ne, amma an ɗora masa fiye da laifinsa. A Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, motoci suka lalace a Legas da Abuja, aka shiga ƙarancin mai na makonni. Man jarka na 'yan bumburutu kuwa yana iya zuwa da ruwa ko ƙasa ko gaurayen kananzir. Gane shi ba wuya: a ɗebi man daga tiyo a zuba a farar kwalba a ajiye, ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa. Alamar man banza ita ce matsalar takan fara jim kaɗan bayan shan mai, kuma ba ta tsayawa ga silo kaɗai, har a kan gudu mota tana tari. Motar da ta yi wata uku tana mutuwa alhali an sha mai a gidaje daban-daban, ba fetur ne ke damunta ba.

Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa suna yawo da allurar tanki a ja, kuma ana cewa hakan ke sa famfo ya zuƙo dattin gindin tanki. Bayanin ba daidai ba ne, domin famfon mai kullum daga gindin tanki yake zuƙa, ko tanki a cike yake. Illar dai tana nan ta wata hanya: famfon yana nutse a cikin fetur, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, idan ya yi ƙasa sai ya riƙa zafi yana zuƙar iska a kwana da gargada har ya gaji. Famfo mai rauni yakan fara nuna kansa ne wajen hawa tudu ko wuce tirela, kafin ya taɓa silo, kuma ana tabbatar da shi da agogon auna ƙarfin mai.

Akwai kuma ɗabi'ar cire tamosta da haɗa fanka kai-tsaye, bisa cewa don ƙasashen sanyi aka yi tamosta. Wannan kuskure ne da ya yi jijiya. An ƙera injin ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, kuma zafin Kebbi na watan Afrilu, ko da ya haura 40, da ƙyar yake kai rabin hakan. Idan babu tamosta injin yakan daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da asubar hunturu. Kwamfuta ta ci gaba da ƙara mai kamar yanzu aka tayar da shi, fulogai su yi baƙi, silo ya lalace. Motar da ke zafi fiye da kima, lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa ko fanka ko gaskit ya samu matsala. Tamosta ma tana iya maƙalewa, maganinta a sa sabuwa.

Matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, ita ma takan sha zargi. Tana iya toshewa, amma alamarta mota ta kasa gudu ta yi nauyi, ba ta fara da silo ba sai abin ya yi tsanani. Yana da kyau mai mota ya san cewa a cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, kuma tana da masu saye. Wanda ya ba da shawarar fasa ta tun bai gwada komai ba, a tambaye shi ina zai kai ta.

Cewa esi ne ke kashe mota rabin gaskiya ne. Kunna shi yana ɗora wa inji kaya, haka ma manyan fitilu da murɗa sitiyari har ƙarshe, amma kwamfutar mota mai lafiya takan ɗaga silo ta ɗauki nauyin. Wadda ta mutu, bawul ɗin silonta ne bai amsa ba, ko cajinta ya yi rauni. Batir mai kyau yana nuna bolt 12.6 idan inji a kashe yake, ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Da mita ake duba wannan. Tsohuwar dabarar cire kan batir alhali inji yana juyi, don a ga ko altaneta na caji, tana iya ƙona burenbos ɗin da aka zo da shi lafiya.

Mafi tsadar hukunci shi ne a ce burenbos ya tafi, ko kuma sai an sauke inji an sa ringi. Duka biyun suna faruwa, amma su ne ƙarshen jerin abin zargi. Injin da ringinsa ya ci yana fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, kuma gwajin matsin silinda, wanda ake yi ta ramin fulogi cikin 'yan mintuna, zai nuna gaskiyarsa kafin a kwance ƙusa ɗaya. Fulogi da wayoyinsa da kwayil su ake fara dubawa. Motar da ke mutuwa farat ɗaya idan ta yi zafi, ta ƙi tashi sai ta huce, sau da yawa sensar da ke ƙirga juyin karanshaf ce ta gaji, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na burenbos ba.

Sikana, wato na'urar da ke karanta lambobin matsala daga burenbos, tana taimakawa a motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 da masu fetur na Turai daga 2001, waɗanda doka ta wajabta musu mahaɗa iri ɗaya. Waɗanda suka girme su sukan buƙaci na'urar kamfaninsu. Lambar P0505 tana nuni ga tsarin silo, P0171 ga ƙarancin mai a kan iska, P0300 ga silindar da ke tsallake wuta. Lambar tana faɗin ɓangaren da za a bincika ne, ba ta cewa a sayi kaza. Goge ta, ko cire batir don fitilar cek, mai nuna matsalar inji, ta mutu, ba ya gyara komai, yana ma share shaidar da bakanike na gaba zai yi aiki da ita. A wasu 'yan Kwatano an riga an cire ƙwan fitilar tun kafin a sayar. Idan aka murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, dole fitilar ta kama. Wadda ba ta kama ba an taɓa ta.

Direbobin da suka saba da motar da ba ta da silo sukan koyi riƙe ta da ƙafa, suna taɓa totur suna taka birki. Dabarar tana kai mota gareji, amma ba ta tafiyar lodi daga Jega zuwa Yawuri ba ce. Da zarar inji ya mutu a kan tafiya, sitiyari mai taimakon famfo yakan yi tauri nan take, gangar birki kuma ajiyarta ba ta wuce taku ɗaya ko biyu, bayan nan sai an danna da ƙarfin gaske kafin mota ta tsaya. Haka ma yake ga mai kashe inji a gangara don ya rage shan mai.