Kube Mai Ado: Sana'ar Rani Ga Manoman Dodoru

Ga kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samarinmu su kan ɗaura kaya su tafi cin rani, su bar gida sai tsofaffi da yara. Amma akwai dukiyar da mu ke sayarwa da araha a ƙofar gidanmu, wato fatar akuya. A wannan fitowa za mu duba yadda ƙungiya za ta mai da fata ta zama kuben wuƙa mai ado, wanda kuɗinsa ya fi na ɗanyar fata nesa ba kusa ba.

Darajar fatar ƙasarmu

Jar akuya irin ta Sakkwato, wadda a ke kiwo a Dodoru da sauran ƙasar Gwandu da Kalgo, fatarta ta yi suna a duniya saboda laushi da ƙarfi. Tun zamanin da, fatake su kan ketare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Don haka Turawa su ka riƙa kiranta fatar Maroko, su na rufe littattafai masu tsada da ita. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851 ya kuma zo Gwandu a 1853, ya rubuta labarin yawan takalma da jemammun fatun da a ke fitarwa daga Kano. Ashe dukanci gadonmu ne. Abin da ya rage shi ne mu koma wurin dukawa da majema na kusa da mu, mu nemi su koya wa yaranmu.

Daga fiɗa a ke farawa

Fatar da wuƙa ta huda ta lalace tun kafin ta kai hannun majemi. A tsaga da wuƙa, sa'an nan a ture fatar da hannu. A wanke jini, a kankare kitse, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada a shimfiɗa ta ƙasa cikin rana, gama bayanta zai bushe cikinta kuwa ya ruɓe.

Majemi zai jiƙa ta cikin ruwan toka don gashi ya fita, ya kuma tsoma ta cikin ruwan dakakken bagaruwa. Bagaruwa ita ce ke hana fata ruɓewa. Daga nan a shafa mai, a murza har ta yi laushi. Jan launi daga karan dafi a ke samunsa. Baƙi kuwa daga kuloko, wanda a ke haɗawa da kashin maƙera. Ƙarfen da ke cikinsa in ya gamu da bagaruwar da fata ta sha, nan take wurin ya yi baƙi.

Yadda a ke yin kube

1. A ɗora wuƙa bisa takarda a zana siffarta, a bar faɗin yatsa guda a kowane gefe.
2. A yanka ƙirgi mai kauri don ciki. Shi ne ke riƙe kaifi. Fatar akuya ita kaɗai ta yi laushi da yawa.
3. A sa siririyar fata tsakanin leɓɓa biyu, wajen da kaifi zai kwanta, don wuƙa ta ci ita maimakon zare.
4. A yanka jar fata ta waje. A kanta za a yi ado, kuma a gama adon kafin a rufe kube.
5. A manne ta bisa ƙirgin, a huda da basilla, a ɗinke. A ƙarshe a sa maratayi da tuntu.

Ɗinkin duwatsu

Adon dukawan ƙasar Hausa ya fi ƙarfi wajen rini, da zane, da saƙa siraran fatu masu launi. Adon duwatsu ya fi yawa a ƙasar Yarbawa, Fulani kuma suna son sa ƙwarai, a Bida ma akwai Masaga masu narka gilas su yi duwatsu. Ba laifi mu haɗa biyun, muddin ba mu rufe kyaun fatar ba.

A sayi ƙananan duwatsu na gilas masu girma ɗaya. Na roba sun fi araha, amma su kan koɗe a rana. In kun taɓa na gilas za ku ji sanyi da nauyi. A shafa wa zare kakin zuma don kada ya tsinke. A zana adon tukuna a bisa fata, ko dagi, ko layuka, ko kusurwa uku-uku. A zura duwatsu huɗu, a soka allura, a komo baya a sake ratsa biyun ƙarshe, sa'an nan a ƙara huɗu. Ta haka ko zare ya tsinke a wuri ɗaya, sauran ba za su zube ba. A tsai da ado a bakin kube da tsakiyarsa. Gefe da gindi su ne ke gogar jiki da ƙasa, a bar su fata zalla.

Aikin ƙungiya

Mutum ɗaya ba zai iya dukan wannan ba. Amma in ƙungiya ta tara fatun membobinta, ta kai wa majemi gaba ɗaya, ta sayo duwatsu da zare a sari, kuɗin kowane kube zai ragu. Maza su yanka su ɗinka, mata da 'yan mata su yi ado. Ma'aji ya rubuta kuɗin fata, da jima, da duwatsu, da kwanakin aiki, kafin a yanke farashi. Wanda bai lissafta wahalarsa ba, kyauta ya yi aiki.

Ku fara da kube goma kawai. Ku gwada su a kasuwar Jega ko Birnin Kebbi, ku ji abin da mahauta da makiyaya da mafarauta za su ce. Baƙi masu zuwa bikin kamun kifi na Argungu su ma su kan nemi tsaraba. In kube ya karɓu, hannun da ya iya shi zai iya gidan almakashi da gidan waya.

A taronku mai zuwa, ku ƙidaya fatun da su ka fita daga gidajenku bara, ku tambayi nawa a ka biya ku. Sa'an nan ku aiko mana da abin da ku ka shirya.