Ka Manta Kalmar Sirrin Rauta? Kar Ka Yi Saurin Kai Ta Wajen Mai Gyara

Yau maganarmu a kan rauta ce, wato na'urar Wi-Fi ɗin nan ta MTN ko Airtel ko Glo da ake sa wa sim. Daga Madobi har Kura da Bunkure, da ita wasu ke tura wa dillalai hoton tumatir da shinkafa ta WhatsApp. Idan kalmar sirri ta ɓace maka ana tsakiyar kakar tumatir a Kwanar Gafan, kafin ka farga ciniki ya wuce.

To, ka sani kalmar sirri biyu ce: ta shiga Wi-Fi daban, ta shiga saitin rautar daban.

Idan ta Wi-Fi ce, nemi wayar da har yanzu take haɗe da ita. Daga Android 10 zuwa sama, ka shiga saitin Wi-Fi, ka taɓa sunan rautar, ka danna alamar rabawa. Lambar QR za ta fito, sai ɗaya wayar ta ɗauka ta haɗu. Wasu wayoyin ma har kalmar suke nunawa a ƙasa.

Idan ba ka taɓa canza ta ba, juya rautar ka duba takardar da ke manne a ƙasanta. A ƙaramar MiFi kuwa, galibi tana ƙarƙashin batir. Adireshin shiga saiti ma yana nan, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1.

Duk an gwada bai yi ba? Sai mataki na ƙarshe. Akwai ɗan rami da aka rubuta RESET a gefensa. Rautar na kunne, ka sa tsinke ka danna kamar daƙiƙa 10, har fitilunta su ɗauke su dawo. Suna da kalmar sirri za su koma na jikin takardar. Datarka kuwa tana nan, domin a kan layinka take, ba a cikin rautar ba.

Da ka shiga, ka canza duka biyun nan take, musamman ta saiti, don sau da yawa "admin" ce kawai, kowa ya san ta. Ta Wi-Fi kar ta gaza harafi 8, ka gauraya da lambobi, kuma kar ka sa lambar wayarka, maƙwabta sun haddace ta. Ka rubuta a littafi ka adana.

Abu ɗaya: idan rautar ba taka ba ce, nemi izinin mai ita kafin ka taɓa wannan ramin.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.