Chage da Aska: Mawaƙan Japan da Sunansu Ya Riƙa Sauyawa

Chage da Aska mawaƙa biyu ne 'yan jihar Fukuoka da ke kudancin Japan, waɗanda aka haifa a 1958, kuma suka shahara da kiɗan pop rock, wato salon da ke haɗa daɗin amon waƙoƙin zamani da ƙarfin jita da ganguna irin na rock. Sunayensu na yanka su ne Shibata Shuji da Miyazaki Shigeaki. Gasar waƙa da kamfanin Yamaha ke shiryawa ce ta fito da su, sannan a ranar 25 ga Agusta, 1979, suka fitar da faifansu na farko mai suna "Hitorizaki".

Abin lura shi ne yadda rubutun sunansu ya riƙa sauyawa daidai da faɗaɗar masu sauraronsu. Da farko da haruffan Japananci zalla ake rubuta shi, inda aka rubuta Chage da katakana, haruffan da akan tanada domin baƙin kalmomi, Asuka (wato Aska) kuwa da kanji, wato haruffan da Japan ta aro daga Sin. A 1989 suka koma haruffan boko, sunan ya zama CHAGE&ASUKA, kuma ba a jima ba aka cire harafin "u" ya koma ASKA, abin da ya fi kusa da lafazin Japanawa, domin su kansu ba sa bayyana wannan wasali sosai idan suna faɗin sunan. A 2001 aka maye gurbin alamar "&" da kalmar "and".

A ƙarƙashin sunan CHAGE&ASKA ne tauraronsu ya fi haskawa. Waƙar "Say Yes" ta 1991, wadda aka yi wa wani wasan kwaikwayon soyayya na tashar Fuji TV, ta shafe makonni 13 a saman jadawalin Oricon, kamfanin da ke ƙididdige cinikin faya-fayai a Japan, kuma an sayar da kwafinta fiye da miliyan 2.8, sannan "Yah Yah Yah" ta 1993 ita ma ta haura miliyan biyu. Har Hayao Miyazaki na Studio Ghibli ya shirya ɗan gajeren fim ɗin zane domin waƙarsu "On Your Mark" a 1995, kuma a 1996 suka yi wasa a shirin MTV Unplugged a Landan, matsayin da mawaƙan Asiya ba su saba samu ba a wancan zamani.

Ƙarshen tafiyar bai yi daɗi ba, kuma abin takaici ne ga haɗin muryoyi irin nasu. Sun dakatar da aiki tare a 2009, aka kama Aska a 2014 bisa laifin mallakar miyagun ƙwayoyi, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara uku na je-ka-ka-gyara-halinka. A ranar 25 ga Agusta, 2019, shekara 40 cif da fitowar faifansu na farko, Aska ya sanar da ficewarsa daga ƙungiyar.