Suna Mai Kyau, Amma Banki Ya Ce A'a: Gaskiya da Ƙarya Kan Hana Rance a Dutse

Da zarar lokacin biyan kuɗin makaranta ya ƙarato, ko damina ta kawo jiki ana neman na taki, zancen rancen banki yakan dawo bakin ma'aikata a Dutse. A sakatariyar jiha, a ofishin malamai na makarantun Kiyawa da Jahun, har a teburin mai shayi, labarin ɗaya ne: wane ya nema an hana shi, alhali bai taɓa cinye sisin kowa ba. Sai kowa ya kawo tasa fassarar. Wannan ya ce sai mai uwa a gindin murhu. Wancan ya ce an saka BVN ɗin mutumin a baƙin littafi. Na uku ya ce ai bankuna ajiyar 'yan Arewa kawai suke so, rance kuwa na mutanen Legas ne. A cikin waɗannan maganganu akwai mai tushe, akwai wadda aka yi wa ƙarin gishiri, akwai kuma ƙarya tsagwaronta da wasu ke cin abinci da ita.

Zancen baƙin littafi ya fi kowanne tsorata mutane, kuma yana da asali. A 2017 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar da ƙa'idar sa ido kan lambobin BVN, inda ake ajiye jerin waɗanda aka tabbatar sun yi damfara ta hanyar banki. Jerin 'yan damfara ne, ba a shiga cikinsa don an nemi rance an rasa. Abin da banki ke dubawa idan takardar neman rance ta zo gabansa wani abu ne daban: rahoton tarihin bashi. Kamfanoni uku ne CBN ya ba lasisin tattara shi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma an wajabta wa banki ya duba aƙalla biyu daga cikinsu kafin ya ba da rance. Rahoton na nuna bashin da mutum ya ci, wanda ya biya, wanda ya yi wa jinkiri, har da wanda ya tsaya wa wani a kansa. Kamfanin CRC yana taƙaita wannan tarihi da maki, daga 300 zuwa 850.

A nan ne kuskuren farko yake. Da yawa daga masu cewa tarihinsu fes yake, abin da suke nufi shi ne ba su taɓa cin bashin banki ba. A idon jama'a wannan abin yabo ne, a idon kwamfutar banki kuwa shafi ne da ba a rubuta komai a kansa ba. Matar da ta shekara goma tana zubin adashi ba fashi, ko magidancin da ke karɓar buhun shinkafa a kanti ya biya ƙarshen wata, duk unguwa ta shaide su da riƙon amana, amma uwar adashi da mai kanti ba sa aika rahoto ko'ina. Binciken da cibiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na 'yan Najeriya baligai ba sa mu'amala da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya doshi rabi. Inda lamarin yake haka, yawancin amanar mutane a baki da shaidar maƙwabta take, ba a kundin da banki ke karantawa ba.

Akwai kuma wanda ya ɗauka shafinsa fari ne, ashe akwai rubutu a kai. A 2020 CBN ya raba rancen rage raɗaɗin korona ta bankin NIRSAL. Kafin nan, a Nuwamban 2015, an ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, ya bazu zuwa jihohin da ake noman shinkafa da alkama. Mutane da dama sun karɓa suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Ba kyauta ba ce, bashi ne da aka rubuta a kan BVN. Haka ƙaramin rancen manhajar waya na dubu biyar da aka manta da shi, domin wasu daga cikin kamfanonin na kai rahoto. Tun 1 ga Agusta 2020 ma akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin BVN ya ciro kuɗinsa daga asusun mai bashi a wani bankin, muddin ya sa hannu a kan yarjejeniyar lokacin karɓar rancen. Canza banki ba ya ɓoye komai.

To, a ce tarihin mutum da gaske yana da kyau: ya ci rance sau biyu, ya biya a kan kari, makinsa ya haura 700. Me zai sa a hana shi? Saboda makin tambaya ɗaya kawai yake amsawa, wato ko ya biya a baya. Tambayar da ta fi damun banki ita ce nawa ya rage a albashin da za a ciri na gaba.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce jimillar abin da za a yanke daga ladan ma'aikaci a wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku, kuma bankuna da yawa a kusa da wannan ma'auni suke yin lissafinsu. A ɗauki misalin malamin makaranta da ke karɓar naira 90,000. Kashi ɗaya bisa uku shi ne 30,000. Ƙungiyar gama kai ta wurin aiki tana cire 15,000 na kayan azumi da ya karɓa, akwai kuma 10,000 na babur. Saura 5,000 ke nan. Ya nemi 500,000 zai biya a shekara guda, wanda ko babu kuɗin ruwa ko kwabo zai ci fiye da 41,000 duk wata. Bai taɓa saɓa alƙawari ba, takardar albashinsa ce ta cika. Irin wannan malami zai koma gida yana zargin jami'in banki, alhali na'ura ce ta yi lissafin, wataƙila kafin jami'in ya gama karanta sunansa.

Bayan lissafi, sai wanda ke biyan albashin. Bankuna na da jerin ma'aikatu da kamfanonin da suka yarda da su, kuma galibi suna son albashin ya riƙa shiga asusunsu na wasu watanni a jere kafin su saurari mutum. Ma'aikacin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko na wata ma'aikatar jiha ya fi malamin makarantar kuɗi sauƙin samu, ko da albashinsu ɗaya, domin ba a san ranar da mai makaranta zai biya ba, wani lokaci ma a hannu yake bayarwa. Sabon ma'aikacin gwamnati yana zaman gwaji na shekara biyu kafin a tabbatar da shi, kuma akwai bankunan da ba sa ba da rance mai tsawo sai sun ga takardar tabbatarwa. Wanda ya kusa cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki shi ma yana cin karo da tasa katangar, don ba za a ba shi rancen da wa'adinsa zai zarce ranar ritayarsa ba.

Ɗan kasuwa ya fi kowa shan mamaki. Dillalin hatsi a kasuwar Shuwarin na iya juya miliyoyi a kakar riɗi, ya mallaki gona da shanu, amma a hana shi abin da aka ba masinjan ofis. Rancen biyan buƙatun kai an gina shi ne a kan kuɗin da ke shigowa kowane wata a rana sananniya. Idan aka buga takardar shige da ficen asusunsa, sai a ga kuɗi sun yi ambaliya wata uku, sannan shiru, domin sauran cinikin da tsabar kuɗi aka yi shi, ko ta asusun mai POS, ko na ƙaninsa. Gonar gado da ba ta da takardar mallaka ta gwamnati ba ta zama jingina a banki. Dokar da Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sanya wa hannu a watan Mayun 2017 ta halatta jingina da dukiya mai motsi kamar dabbobi da injina, sai dai wannan ƙofar rancen sana'a ce, kuma bankunan kasuwanci ba su cika ɗokin buɗe ta ba.

Wani dalilin ƙarami ne har ya ba da haushi: suna. Muhammad a BVN, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Muhammadu a fayil ɗin aiki. Wani ya yi makaranta da sunan garinsu a ƙarshe, Kiyawa ko Birnin Kudu, ya yi NIN da sunan mahaifinsa. Ranar haihuwa kuma nan 1 ga Janairu, can wata daban. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ne.

Batun cewa rance na mutanen Legas ne fa? Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun daɗe suna nuna Legas na kwashe fiye da rabin rancen da bankuna ke bayarwa, jihohi irin su Jigawa kuwa ɗan abin da ke isowa bai taka kara ya karya ba. Wannan gaskiya ne, kuma ƙorafi ne da ya cancanci a yi shi da babbar murya. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa akwai umarnin a duba jihar mutum a hana shi. Manyan kamfanonin da ke cin rancen biliyoyi a Legas suke da hedikwata, sannan ma'aunin da aka tsara, na albashi a banki da ciniki a rubuce, ya fi dacewa da rayuwar can. Sakamakon dai bai canza wa mutumin Jigawa komai ba. Sanayya kuma tana iya sa fayil ya yi sauri, ko a kira mutum a faɗa masa takardar da ta rage, amma manajan reshe a Dutse ba shi da ikon sauya lissafin da hedikwata ta ɗora wa na'ura.

Wani lokacin ma laifin ba na mai nema ba ne sam, bankin ne ya tsuke bakin aljihu. A 2019 CBN ya tilasta wa bankuna su ba da rancen aƙalla kashi 65 cikin ɗari na ajiyar da ke hannunsu, aka ga suna bin ma'aikata da saƙonnin tayi a waya. A Afrilun 2024 aka sauke wannan zuwa kashi 50. A Satumbar shekarar aka umarci bankunan kasuwanci su ajiye rabin ajiyar jama'a a CBN, a Nuwamba kuma ma'aunin kuɗin ruwa na CBN ya kai kashi 27.5. A lokacin takardun bashin gwamnati na biyan fiye da kashi 20 ba tare da fargabar a gudu da kuɗi ba. Mutumin da aka roƙa ya ci rance a 2020, aka hana shi a 2024, shi bai canza ba.

Masu gudun riba da ke nufar bankunan Musulunci, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, su ma sukan dawo da ƙorafi. Galibi tsabar kuɗi suka je nema, su kuwa waɗannan bankuna a tsarin murabaha kaya suke saya su sayar wa mutum da riba sananniya, ya biya kaɗan-kaɗan. Sai an kawo takardar farashi daga mai sayarwa, kuma lissafin albashi da duba tarihi suna nan yadda suke a sauran bankuna.

Ƙaryar da ta fi cutarwa ita ce ta masu cewa a ba su dubu goma ko ashirin su wanke BVN. Ba wanda zai iya goge bashin gaskiya daga wani shagon kwamfuta, kuma wanda ya miƙa musu BVN da lambar sirrin da aka turo masa a waya ya miƙa asusunsa ne. Haka cewa wai duba rahoton kai na rage maki, ba haka ba ne. Abin da ke tayar wa banki hankali shi ne ya ga mutum ya nemi rance wurare biyar a mako guda. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa haƙƙin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da haƙƙin ƙalubalantar kuskure. Kuskuren kuwa yana faruwa, musamman bashin da aka gama biya amma bankin bai sabunta bayaninsa ba. Mai irin wannan matsala zai nemi takardar shaidar kammala biya daga bankin, ya rubuta ƙorafi ya riƙe kwafi mai hatimi. Idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, sai ya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, wanda ba ya karɓar ko sisi.