Kwamfutar Wasa Mai Araha: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Duk wanda ke hulɗa da samarin garin nan na Malanville ya san cewa, bayan babur da wayar hannu, babu abin da ke ransu a yau kamar mallakar kwamfutar wasa. Mu malaman makaranta muna jin hirar a bakin aji, iyaye kuma suna jin ta a gida. Yaro zai ga hoton inji a wayarsa, an rubuta farashi mai sauƙi a ƙasansa, sai ya yi lissafin abin da zai samu a aikin albasa ko na shinkafa, ya ga kamar kaka ɗaya ta isa. To, 'yan uwa masu karatu, wannan farashin na masu zama kusa da kanti ne. Mu da ke ƙarshen hanya, a bakin kogin Kwara, lissafinmu dabam yake, kuma shi muke so mu baje a wannan wata domin kada gumin yaranmu ya tafi a banza.

Me ya raba ta da sauran?

Kwamfutar ofis aikinta rubutu da lissafi. Ta wasa kuwa dole ta zana hotuna masu motsi sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka tana bukatar wani sashe na musamman da ake kira katin hoto, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada a cikin injin. Tana kuma bukatar wadatacciyar ma'ajiyar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM. Mu ɗauki misalin wasan ƙwallon da samari suka fi so, wanda a da ake kira FIFA, aka sauya masa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Kamfanin da ya yi shi ya ce mafi ƙarancin abin da fitowar waccan shekara ke bukata shi ne RAM mai giga 8, da katin hoto irin GTX 1050 Ti, da fili mai giga 100. Wannan fa domin wasan ya tashi ne kawai, ba domin ya yi kyau ba.

Farashi da kuɗinmu

Tun 1999 aka ɗaure sefa da kuɗin Yuro, Yuro ɗaya a kan sefa 655.957. A ce inji ne na masu ƙaramin ƙarfi, ana sayar da shi Yuro 500 a Turai. Da kuɗinmu ya kama kusan jika 328. Mafi ƙarancin albashi a Benin tun Janairun 2023 jika 52 ne a wata. Ke nan ma'aikaci mai wannan albashi sai ya tara na wata shida cur, bai ci ba bai sha ba, kuma duk da haka da saura. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na duwan ba, ba a sa harajin kaya na kashi 18 cikin ɗari ba, balle ribar ɗan kasuwa. Ko katin GTX 1650, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2019 domin masu neman sauƙi, dalar Amurka 149 aka sa masa, wato fiye da jika 80 a canjin lokacin. Kati kaɗai ke nan, ba inji, ba allo.

Kasuwar duniya ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Daga 2020 zuwa 2022 katin hoto ya yi tsadar da ba a saba gani ba, saboda cutar korona ta tsai da masana'antu, sa'an nan masu haƙar kuɗin intanet suka yi ta kwashe katunan. A Satumbar 2022 kuɗin Ethereum ya daina amfani da irin wannan haƙa, farashi ya sauko. Ba a gama murna ba, a ƙarshen 2025 sai RAM ta yi tashin gwauron zabo, domin manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna saye da yawa don cibiyoyinsu. Abin da aka ƙulla a Amurka da Koriya, ga shi ya iso har aljihun ɗan Malanville.

Hanya da iyaka

Kasuwar garinmu tana cikin mafiya girma a ƙasar nan, amma ƙarfinta hatsi ne da albasa da tufafi. Mai neman sassan kwamfuta sai ya dubi Parakou ko Kwatano, kuma tsakaninmu da Kwatano akwai fiye da kilomita 700. Wanda ya tafi da kansa zai biya mota zuwa da dawowa, da abinci, da makwanci. Wanda ya yi saƙo kuwa ya yi cinikin biri a sama. In kayan suka iso da matsala, wa zai mayar, kuma wa zai karɓa?

Ɗaya hanyar ita ce Nijeriya, inda manyan kasuwannin kayan ke Ikeja a Legas da kuma Kano. A da mutum kan haye gada zuwa Gaya, ya bi ta Kamba ya shiga jihar Kebbi. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar kuma aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya. Ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe a 2024 da 2025, jama'a suka koma kwalekwale. Buhun masara yana jure wa feshin ruwa da jifar 'yan dako. Kwamfuta ba ta jurewa. Wasu kuma sun ɗauka faɗuwar naira daga Yunin 2023 za ta sa kayan Kano su yi mana araha. Sun manta cewa ɗan kasuwar Kano ma da dala yake sarowa, in naira ta faɗi sai ya ƙara kuɗi.

Tarkon kayan hannu

Saboda haka yawancin samari kan koma ga na hannu, wato tsofaffin injinan ofis na Dell ko HP da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Kwatano, a sa musu katin hoto. Dabara ce mai kyau, amma tana da ramuka huɗu.

Na farko, ƙananan injinan ofis akwatin wutarsu ba shi da ƙarfi. Kati irin RX 580 shi kaɗai yana jan wat 185, kuma ana so a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 500. In aka cusa shi a ƙaramin inji, ko dai ya ƙi shiga, ko ya riƙa mutuwa ana tsakiyar wasa. Irin su GTX 1050 Ti da GTX 1650, waɗanda ba su wuce wat 75 ba, su suka fi dacewa da irin wannan gida.

Na biyu, katunan da aka yi haƙar kuɗi da su sun yi shekaru suna aiki dare da rana, fankarsu ta gaji, ko da an goge su suna ƙyalli.

Na uku, akwai jabu. 'Yan damfara kan ɗauki tsohon kati su sauya masa suna a ciki, ya riƙa nuna kansa a matsayin sabo. Wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z tana tona asirin da yawa daga cikinsu.

Na huɗu, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta karɓar injinan Intel da suka girmi zubi na 8. Tsohon inji zai ci gaba da aiki, amma kada a saye shi da kuɗin wanda ke da sauran kwana a gaba. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Bayan an kawo ta gida

Ranar da inji ya shigo ɗaki, ranar wani kashe kuɗin ke farawa. Wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, ko ta zo da ƙarfi fiye da kima, tana iya ƙona shi cikin ƙiftawar ido, don haka dole a nemi na'urar daidaita wuta da akwatin batir mai riƙe ta in an ɗauke. A watannin Maris da Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40, inji kuwa in ya yi zafi sai ya rage gudu da kansa. Da hunturu ƙura ke toshe fanka. Ga kuma intanet: wasan da ke cin giga masu yawa, kuɗin sauke shi ta layin waya kaɗai abin dubawa ne, kuma kullum yana neman sabuntawa.

Shawararmu

Ba mu ce wasa laifi ba ne. Yaron da ya iya kwance inji ya ɗaura, ya san abin da ke sa shi zafi, ya kama hanyar sana'a. Injin da ke ɗaukar wasa kuma yana ɗaukar aikin haɗa bidiyon biki, da zanen katin gayyata, da koyon rubuta manhaja. Abin da muke cewa shi ne a yi lissafi cikakke tun kafin a fitar da ko dala.

Samari, ku fara rubuta sunan wasan da kuke so, ku duba abin da yake bukata, kada ku sayi abin da ya fi haka don burga. Kada ku biya sai an kunna inji a gabanku, an yi wasa da shi na aƙalla rabin awa, kun kuma karɓi takardar ciniki mai lambar injin. Ku ware wani kaso na kuɗin domin kariyar wuta. Wanda burinsa Free Fire ne ko eFootball, wayar da ke hannunsa ta wadatar, ya adana kuɗinsa.

Iyaye kuma, kada mu yi fatali da maganar, kada kuma mu miƙa kuɗi ido rufe. Mu zauna da yaro mu yi lissafin tare, mu sa sharaɗin lokacin karatu da na salla. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: gidaje uku ko huɗu, ko ƙungiyar matasan unguwa, suna iya haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya mai nagarta, a ajiye shi wurin amintacce, da rana a koyi aiki, da yamma a yi wasa. Ya fi a ce kowane gida yana da mataccen akwati a ƙarƙashin gado.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya sa abin da suka tara da guminsu ya amfane su. Amin.