Wa Ke Kayar da Katanga a Ɗambatta?

Dattawan ƙauyukan Ɗambatta sun yarda da abu biyu da suka saɓa wa juna. Na farko, ruwan da suka gani suna yara ya fi na yanzu: marka takan kwana ta wuni, fadama ta riƙe ruwa har bayan kaka. Na biyu, ɓarnar ruwa ta yanzu ta fi ta da. Katangar ƙasa na faɗuwa, soro na ruftawa, kwazazzabo na cin gefen gona, hanyar kasuwa ta yanke cikin dare ɗaya. To yaya ruwa zai ragu amma ɓarnarsa ta ƙaru?

Abu mafi sauƙi shi ne a ce tsufa ne ke ƙawata jiya. Sai dai littattafan awon ruwan sama sun goyi bayan dattawan. Shekarun 1950 sun kasance masu yalwar ruwa a duk faɗin Sahel, sannan fari ya sauka a 1972 da 1973, ya dawo da ƙarfi a 1983 da 1984. Daga shekarun 1990 damina ta farfaɗo, amma a yawancin yankin ba ta koma yadda take ba.

Wanda ake fara zargi shi ne dam. Da an ji ambaliya sai a ce an buɗe Tiga, kuma tsoron yana da tushe, tun da mutanen Kano ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a 1988 ba. Amma Tiga da Challawa suna kudu da yammacin jihar, ruwansu na bin Wudil da Ringim zuwa Haɗeja, ba ya ratsa Ɗambatta. Madatsar Tomas, wadda aka gina a shekarun 1970, ita ce ta kusa, ita ma iyakar hannunta waɗanda ke ƙasa da ita. Gidan da ya rushe a kan jigawa, nesa da kowane kogi, ruwan sama ne ya kayar da shi.

Sai zargi ya koma kan ƙasa, kuma a nan akwai hujja mai nauyi. A 1987 wani Bafaranshe masanin ruwa, Jean Albergel, ya nuna abin mamaki a Burkina Faso: a tsakiyar shekarun fari, ruwan da ke gangarowa cikin ƙananan koguna na arewacin ƙasar ƙaruwa ya yi. Da ciyawa ta mutu, aka sare daji, sai fuskar ƙasa ta yi ɓawo mai tauri, ruwa ya daina nutsewa, ya koma gudu. Mutanen Yamai sun san sakamakon. Jan ruwan da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararo wa Kogin Kwara da damina ya riƙa hauhawa, har a 2020 ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba, ya shiga unguwanni.

Da a nan labarin ya tsaya, da an ɗora laifin a kan manomi, kuma a ganina da an zalunce shi. Ƙasar Kano ba dajin da aka sare jiya ba ce. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da wani abu yana nazarin gonakin da ke kewaye da Kano, ya tarar cewa duk da cunkoson jama'a manoma na riƙe da itatuwansu. Gawo da kuka da ɗorawa suna tsaye a tsakiyar gona, ana kai taki da mangala, ana yin kunya kowace shekara, ana haɗa gero da wake. Lalle kwanon rufi ya yawaita, an yi gini a hanyar ruwa, an cike kududdufai, duk waɗannan sun ƙara wa ruwa gudu a cikin gari. Amma ba su isa su bayyana abin da ke faruwa a ƙauyen da gonarsa ba ta sake ba.

Amsar ta fito ne daga sama. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa a Birtaniya suka wallafa bincike a mujallar Nature. Sun bi hotunan tauraron ɗan Adam na Meteosat tun daga 1982, suna ƙirga manyan hadurran Sahel, waɗanda gajimarensu ke tashi sama har kansa ya yi sanyin da ya wuce digiri 70 ƙasa da sifili. Cikin shekaru 35 yawan irin wannan hadari ya ninka sau uku. Dalilin da suka gano shi ne Sahara na ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambanci kuma na ƙarfafa iskar da ke haɗa hadari. Ashe dattawa sun yi gaskiya sau biyu. Jimillar ruwan shekara ba ta kai ta da ba, amma abin da a da yake sauka a hankali cikin mako, yanzu yana zubowa kamar da bakin ƙwarya cikin sa'o'i, kuma ko ƙasa mai kyau tana da iyakar abin da za ta shanye a sa'a guda. Wagadugu ta ɗanɗana ranar 1 ga Satumba 2009, lokacin da milimita 263 suka sauka a rana ɗaya.

Wannan ya shafi masu neman digirin digirgir da ke koya wa kwamfuta hango bala'i. A bakin teku, kamar Ayetoro ta jihar Ondo da teku ke cinyewa, abin da ake ciyar da ƙirƙirarriyar basira shi ne bayanan igiyar ruwa da hauhawar teku. A manyan koguna ma an yi nisa: manhajar Flood Hub ta Google, wadda ta koya daga dubban ma'aunan koguna na duniya, tana hasashen ambaliya har kwana bakwai gaba, kuma a 2024 ƙungiyar GiveDirectly ta dogara da ita wajen tura wa mutanen jihar Kogi kuɗi kafin ruwa ya iso. Kogi babba yana cika ne a hankali, shi ya sa yake hasasuwa. Hadarin da ke kayar da katanga a Ɗambatta kuwa da la'asar yake haɗuwa, kafin asuba ya gama aikinsa. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon shekara yana gaya wa manomi lokacin shuka da yawan ruwan da zai samu, ba ya gaya masa daren da zai kwashe yara daga ɗakin ƙasa.

Na'ura ba ta koyon abin da ba a rubuta ba. Abin da yankin ke buƙata shi ne ma'aunan da ke rubuta ruwa sa'a bayan sa'a, da rajistar da masu unguwanni za su riƙe ta ranar da gida ya faɗi da inda ruwa ya bi, a haɗa su da hotunan tauraro. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan Ɗambatta, Cibiyar Noma a Busassun Yankuna tana Jami'ar Bayero. Ɗalibin da ya dasa ma'aunai a gundumomin Ɗambatta ya bi su damina uku zai samu abin da ake buƙata don a fara aika wa mutane gargaɗin sa'o'i kaɗan ta waya da rediyo.